Agogon da Bai Tsaya Ba

Tsoho mai gyaran agogo ya maƙala gilashi a ido, ya juya agogon da na miƙa masa a tafinsa. Ƙato ne mai nauyi, ya fi duk sauran da tsohon mijina ya tara.

"Baiwar Allah, wannan ai ya girme ki. Irin na matuƙan jirgin sama ne na da. Ina kika samo shi?"

"Na uban 'yata ne. Da kotu ta raba mu ya rantse sai ya ga bayana, daga nan ya ɓace, tun bara. Na canja makullan gida, na kulle tarkacensa a akwati a ɗakina. Yau na ce gara in rabu da su."

Ya kara agogon a kunne. Ya dubi na bango, ya sake duban na hannunsa. Murmushinsa ya ɗauke.

"Wa ke murɗa shi?"

"Ba batir gare shi ba?"

"Ina batir a nan! Da hannu ake murɗa shi kullum. In aka yi fashin kwana biyu, ya tsaya." Ya gwada ɗan kan da ake murɗawa, ya ƙi motsi. "A cike yake tam. Yau aka murɗa wannan."

Na zaro wayata. Ni da 'yata kaɗai ne a gidan, kuma a falo na bar ta. Nan take na kira ta.

"Mama, yanzu nake shirin kiran ki!" ta ce cikin murna. "Baba ne ya fito daga ɗakinki. Wai ina kika kai masa agogonsa?"