Fijon Ma'aruf

"Wane bashi kuma, Malam?" Dillalin motocin ya tsura wa Ma'aruf ido.

"Na Fijon da na zo da ita. Biyan ƙarshe na kawo da kaina, tunda Ashafa ya tafi aikin Hajji."

Ashafa amininsa ne tun suna yara a Kusada, yanzu akawu ne a Kankiya. Lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a gari, Ma'aruf ya sayar da shanun gadonsa zai sayi motar haya. Ashafa ya hana shi.

"Kada ka taɓa kuɗin nan, abokina. Kawo in ajiye maka a banki a Katsina, in karɓo maka mota bashi a Kano. Ruwan ajiyar shi zai cike ruwan bashin. Ka tashi da mota, ka tashi da kuɗinka."

Tun daga nan, duk ƙarshen wata Ma'aruf yakan damƙa wa Ashafa kuɗin biyan bashin. Watan da fasinja suka yi ƙaranci, sai da matarsa Halimatu ta sayar da tumakinta.

"Na tuna shi," in ji dillalin. "Dogo mai tabarau. Ai mu ba ma ba da bashi. Rana ɗaya ya biya, lakadan. Har ya ce kuɗin shanun wani abokinsa ne."

"To, kuɗina na banki fa?"

Dillalin ya nuna Fijon da ke waje da haɓa.

"Ga su can ka ajiye a ƙofar shagona."