Telan da Ke Jiran Bayan Sallah

Ɗanlami, na ji ka. Ka ce littattafai sun cika maka waya, duk wanda aka turo a zauren abokanku sai ka sauke ka ajiye, wai sai ka sami hutu za ka zauna musu. Na tambaye ka wanne kake karantawa yanzu, ka tsaya sosa ƙeya. Kai dariya kake, ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin na san ƙarshen mai irin halinka. Kife wayar nan ka saurari gwaggonka.

An yi wani tela a bakin kasuwa, gwani ne, babbar riga in ta fito daga hannunsa ba a tambayar wa ya ɗinka. Yana son karatu kuwa, kada ka ce ƙarya yake. Mai tallan littattafai ba ya wuce rumfarsa bai sauke kaya ba. Sai ya saya, ya shafa bangon, ya naɗe a ƙyallen shadda, ya jefa cikin wata adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin teburin yanka. Akwai guda ɗaya da ya fi ƙwallafa rai a kansa, labarin wani mutum da ya tafi Makka a ƙasa. Kakan telan ma a ƙasa ya tafi, bai dawo ba, ba wanda ya san inda aka binne shi, shi kuwa tun yana ƙarami yake son ya san irin hanyar da tsohon ya bi. Sai dai yana da wata aƙida, wai littafi babban baƙo ne, ba a ganawa da shi a tsaitsaye. Sai an yi wanka, an shimfiɗa tabarma, an sami yini guda cur babu mai sallama. Maƙwabcinsa mai aski kuwa, da ya kaɗe kujera, kafin wani ya kawo kai, sai ya jawo ɗan littafinsa duk gashi, ya karanta shafi ɗaya, wani sa'in rabi. Tela kan dube shi ya taɓe baki, ya ce wannan ai tsince-tsincen kaza ne, ba karatu ba. Shi nasa sai bayan Sallah.

To, ka san aikin ɗinki. Kafin a sallami masu kayan ƙaramar Sallah, na babba sun taru, ana sauke wannan ga ankon biki, ga kayan 'yan makaranta. Sallah ta yi ta zuwa tana wucewa, adaka na nan a kulle. Ran nan sai zare ya ƙi shiga kafar allura. Ya lasa, ya murza, ya kai, ya kuskure. Ya ce duhun rumfa ne, ya jawo keken bakin ƙofa. Ba a jima ba ya lura gefen idonsa kamar an ja labule, mutum sai ya tsaya a gabansa sak yake ganinsa. Tsoro ya kama shi, amma bai faɗa wa kowa ba, bai je asibiti ba, bai kuma buɗe adakar ba. Aiki ya ƙara wa wuta, wai bari ya sallami kayan mutane tun yana gani. Kowace safiya sai ya saci kallon allon shagon da ke tsallaken titi don ya gwada kansa, kullum rubutun ƙara dusashewa yake.

Ranar da ya yanka wuyan rigar wani a karkace, ya rufe rumfa ya tafi gida da adakar. Ya yi wanka, ya shimfiɗa tabarma, ya ce kowa ya zo a ce ba ya nan. Ga yinin da ya daɗe yana jira. Ya warware ƙyallen, ya buɗe littafin, sai baƙaƙen suka yi ta yawo kamar tururuwa ta faɗa ruwa. Ya matso da shi, ya nisanta, ya fita tsakar gida cikin rana, ko kalma ɗaya bai kama ba. A asibiti likita ya ce jijiyar idon ta riga ta lalace, tabarau ba zai yi komai ba.

Mai askin nan shi ya gaji adakar, mai ita na da rai. Tsakanin wannan kai da wancan ya cinye littattafan kakaf, har yana ba mutane labari. Tela kuwa kullum sai a riƙo sandarsa a kawo shi bencin mai aski, ya zauna jiran a karanta masa labarin matafiyin. A yi layi uku, wani ya yi sallama, a kife littafi. Wata rana an kai inda ruwan ayarin da matafiyin ke ciki ya ƙare, rijiya ta gaba kuma ba a san ko da ruwa a cikinta ba, tela ya miƙo wuya, sai ga mutane sun yi layi, jajiberin Sallah ne.

Mai aski ya ce, "Yi haƙuri, Malam, yau kam sai dai in an sami sarari."

Tela ya ce, "Ba komai. Ko rabin shafi ne, ina jira."

Saboda haka, ɗan nan, ni hutun da kake jira ne nake tsoro. Idon da kake taƙama da shi aro ne. Buɗe ɗaya daga cikinsu yau, ko a cikin mota ne, ko kana jiran a sauke tuwo. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.