Jatau da Baunar Ƙarfe

Tun da bauna ta ƙare a dazuka, sai aka ƙera ta ƙarfe, ana yawo da ita gari-gari ana wasan farauta. Jatau, tsohon maharbi, shi ke harbin ta a gaban jama'a. Bindigarsa ba harsashi, ƙara ce kawai. Mai wasan, Alhaji Nomau, shi ke danna wani abu a aljihu, baunar ta faɗi.

Ranar da wasan ya iso garinsu, matarsa Tabawa ta zo kallo, ita da ta sha gyara naman baunar gaske. Jatau ya yi kirari, ya durƙusa. Yana cikin saiti, sai baunar ta zube tun bai harba ba.

Fili ya ɗauki tafi. Ba wanda ya damu.

Nomau ya raɗa masa, "Ɗaga hannu mana, Sarkin Baka!"

Ya ɗaga, idonsa a ƙasa.

A hanyar gida Tabawa ta karɓi bindigar ta riƙe masa.

"Malam, gobe ma za ka koma?"

Ya ci gaba da tafiya, ya ce,

"Alhaji ya ce gobe zai jira in harba tukuna."