Ɗan Icen da Ya Ƙi Zama a Sikif

Yau ma Maje ya tarar da ɗan icen nan mai ƙaya tsaye a gindin katanga, kamar ba shi ya tumɓuke da hannunsa jiya ya jefa a sikif ba.

Sikif ɗin wani ƙaton kwandon ƙarfe ne da ya yi haya, babbar mota ta sauke shi a ƙofar gidansu na Dagenham. Direban ya ja masa kunne: ciyawa da rassa kawai, don taki za a yi da su, kuma ran Juma'a zai zo ya ɗauke abinsa. Shi kuma Baturen da ya ba su hayar gidan ya rantse ba zai karɓi makulli ba sai lambun bayan gidan ya koma fili fetal yadda ya ba su. Jirginsu ran Asabar ne. Karatun injiniya ya ƙare, kuɗin mai ya buɗe ayyuka a gida, kujera tana jiran Maje a Kaduna.

Ya gaji. Ya gaji da dankali, ya gaji da tsayuwa a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya gaji da yi wa mutanen da ba sa amsa sallama murmushi. Ga zafin bazarar 1976 da ya ƙone ciyawar unguwar ƙurmus, har aka hana ban ruwa. Mutumin da ya gudo wa fartanya tun yana yaro, ga shi a London yana noman da ba girbi.

Maƙwabta ma ba su bar shi ya huta ba. Turawan nan masu tsabta, da sun ga sikif a titi sai kunya ta ƙaurace musu. Wannan ya lallaɓo da tsohuwar katifa, wancan da karyayyen keke. Kullum sai ya kwashe. Wannan ya jure, amma a ciro abu daga sikif a dawo masa da shi cikin gida, a dasa, har a jiƙa gindinsa, abin ya wuce wasa.

Matarsa Turai ba ta sa baki ba. Tun sanyin bara ta rage magana, shi ma bai matsa mata ba. Tana ɗaki tana ninke zannuwa a akwati, ba ta fita sai in za ta yi alwala, don ita har yau a lambun baya take yi da buta kamar tana Zariya.

Zarginsa ya tsaya kan Juliana, tsohuwar Baturiyar da katanga ta raba su. Matar da ke hira da furanninta, me zai hana ta tsallako ta ceci ice? Ran Alhamis ya tare ta, ya yi mata magana cikin ladabin da ya rage masa. Ta daɗe tana kallonsa.

“Ba ni ba ce, ɗana,” in ji ta. “Amma da ni ce kai, da na ƙyale shi.”

Ya ce a ransa tsufa ne. Ya sake tumɓuke icen, ya cusa shi can ƙasan sikif, ya danne da rassa. Ya ari gatari ya ajiye, in icen ya kuskura ya dawo, gunduwa-gunduwa zai yi da shi, ya ga mai dasa gutsattsari.

Ran Juma'a yana idar da sallar asuba ya ɗauki gatarin ya zagaya baya. Icen ya dawo. Turai na durƙushe a gindinsa, buta a gefenta, ƙaya ta yayyage mata hannu, tana danna ƙasa a hankali.

Daga titi ya jiyo ƙugin motar sikif tana ja da baya.

“Ke ce?”

Ba ta ɗago ba.

“Malam, ranar da ɗanmu Almu ya rasu, ko arba'in bai yi a duniya ba, ku maza kuka ɗauke shi zuwa maƙabarta, ban san inda kuka sa min shi ba. Cibiyarsa kuwa ni na binne, tana nan ƙarƙashin icen.”