Cokalin da Delmas Ya Zauna a Kai

"Tashi, Delmas! Ka zauna mini a kan cokali!"

Mijin 'yata ne, ƙato kamar buhun kawa, dodon-koɗin nan na teku. Kafin ya ɗaga, cokalin ƙarfen da nake ja a bayan jirgin ruwa shekara ashirin ina yaudarar kifi mai zane a tekun Chesapeake ya lanƙwashe. Ga gasar kamun kifi jibi.

"Mama Verna, ai gyara na yi miki," in ji shi, har da dariya.

"Gyaran ƙaniyarka! Shiga jirgi ka ga ɓarnarka."

Na saki igiya, cokalin yana ta tangaɗi a ruwa kamar mashayi. Ban gama zagi ba sandar kamun kifin ta ranƙwafa. Kifi har ƙirjina! Na sake saki, wani ya cafke.

To ga ƙarata, jama'a. Yau da safe na kai masa sauran cokulana shida bakin ruwa don ya zauna a kai, sai na tarar abokan gasata sun yi layi, yana zauna musu a kan cokulansu ɗaya bayan ɗaya. Wai ni ma in bi layi!

Ni na ba shi 'ya. Ku faɗi gaskiya, mazaunan nan ba na gidana ba ne?