Wa Ke Tare da Baba a Hanya?

Kwana biyu Baba bai dawo daga Jos da motar hayarsa ba, kuma babu labari. Da la'asar na kasa zama. In fita bakin titin Tudun Wada, in dawo, in sake fita. Mama na tsintar wake a faifai.

Na ce, "Mama, kullum kina cewa Yesu yana gidan nan. To wa ke tare da Baba?"

Ta jawo ni jikinta. "Shi ɗin ne. Ba sai ya bar mu zai je wurinsa ba."

Yau ni ke faɗa wa 'ya'yana haka in babansu ya makara, idona na kan ƙofa.