Murhu Shida, Itacen Murhu Biyu

Da sabon ma'aikaci ya yi kukan cewa man janareta na ƙarewa, ga manyan kwamfutoci ashirin duk a kunne, kowace na ɗan taɓa aiki, sai tsohon injiniyan wurin ya ce masa ya zauna ya ji wani misali.

Ya ce an yi wata mata mai bandar kifi a bakin gulbi, tana da murhu shida. Masunta shida ke kawo mata kamunsu, kuma al'adar da ta gada ita ce kowane masunci da murhunsa, don kada kifin wani ya shiga na wani a yi ta rantse-rantse. Ko tarwaɗa bakwai mutum ya kawo, sai an hura masa wuta guda. Da rani ba ta ji a jika ba, itace kamar banza. Sai damina ta kankama, aka kwana uku ana ruwa, busasshen itacenta ya rage ɗauri huɗu. Ranar kuwa kowa ya zo da ɗan kamunsa. Ta dubi itacen, ta dubi kifin, ta ga cewa in ta raba wa murhu shida, wuta za ta mutu kifi bai ƙafe ba, amanar mutane ta ruɓe a hannunta.

Tana tsaye tana jimami, sai idonta ya sauka kan kabar da take saƙa faifai da ita. Ta tsaga ta, ta ɗaura wa kifin kowa a wutsiya, wannan ƙulli ɗaya, wancan biyu, har shida. Ta jera su duka a murhu biyu, ta bar 'yar tazara don hayaƙi ya ratsa. Na uku ta bar masa ɗan garwashi ko wani zai ƙaro kifi, sauran ta bar su da tokarsu, ko kallo ba su ishe ta ba. Kafin la'asar kifi ya yi jawur. Kowa ya ƙirga ƙullinsa ya kwashi nasa. Ta waiwaya, ga ɗaurin itace guda ba a ko kwance ba. Ta zauna dirshan, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Ashe shekara da shekaru iska nake yi wa banda!"

Tsohon ya nuna kwamfutocin da haɓa, ya ce, "Tara aikin a kan kaɗan, ka kashe sauran su huta. Ai Hausawa sun gama magana: daidai ruwa, daidai tsaki."